Baki Ne Kawai

Sun-deok tana tsugune tana cakuɗa barkono da tafarnuwa a babban baho lokacin da tsohuwar ƙawarta Mal-sun ta sake ɓaro maganar. Ranar haɗa kimchin hunturu ce, wato kabejin da ake cusa wa barkono a ajiye don lokacin sanyi, matan ƙauye sun cika tsakar gidan, yau a nan, gobe a gidan wata, kamar yadda aka saba. Kabeji ya sha gishiri tun jiya yana ta tsanewa, nama na tafasa a murhu, hira ta yi daɗi har an manta da sanyi.

"Ke 'yar Vietnam, miƙo min wancan kwando kafin ki gudu," in ji Mal-sun. "Ai ku haka kuke. Da takardar zama ƙasa ta fito, sai ƙafa me na ci ban ba ki ba."

Aka kwashe da dariya. Hanh, surukar Sun-deok, ta miƙa kwandon, ta koma kan aikinta. Wata ta zungure ta, ta ce kada ta sa a ranta, tsohuwar baki ne kawai, zuciyarta fes.

Wannan magana kuwa Sun-deok ce ta ƙirƙiro ta, ita ta koya wa kowa. Tare suka zo ƙauyen suna amare, ita da Mal-sun, kuma ranar da mijin Sun-deok ya rasu Mal-sun ce ta riƙe gidan har aka share makoki. Mutumin da ya yi maka haka, ina za ka iya zarginsa da mugun nufi? Sai dai yau dariyar ta maƙale mata. Da safe ɗanta ya faɗa mata, yana ta sosa ƙeya, cewa Hanh na so su koma birni. Ba aikin gona ne ya gundure ta ba. Ta gaji ne da zama baƙuwa a garin da ta haifi 'yarta Ye-rin, har yarinyar ta shiga makaranta. In suka tafi, Sun-deok za ta zauna ita kaɗai a gidan nan, daga ita sai talabijin, kuma abin ya tsorata ta ƙwarai.

Ta bi Hanh bakin famfo, ta fara waƙar da ta saba, cewa Mal-sun ba har zuciya take faɗa ba. Hanh ta ci gaba da wanke wuƙa.

"Umma, ni ban iya leƙa zuciya ba," ta ce a hankali. "Kunne ne da ni."

Sun-deok ta koma ta zauna kusa da Mal-sun, suna cusa haɗin barkono tsakanin ganyen kabeji. Can Mal-sun ta tuna gobe nata aikin ne, ta ce a turo mata 'yar Vietnam da wuri, don duk ƙauyen babu mai hannunta wajen gishiri. Matan suka ce to kun ji, ai ga shi nan tana son yarinyar.

"Yaya," in ji Sun-deok, "na daɗe ina gaya wa mutane ba da gaske kike ba. Ko ƙarya nake yi musu?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Wasa ne mana."

"Madalla. Tunda wasa ne, barinsa ba zai rage ki da komai ba. Kowace mace a nan da sunan ɗanta ake kiranta. Ita ma tana da 'ya."

Mal-sun ta kumbura kamar kwaɗo, ta shiga mita, wai zamani ya lalace, mutum ba zai yi raha ba sai an kafa masa kotu, ita da ta haifi 'ya'ya biyar yau ake koya wa magana. Wannan karon babu wadda ta yi dariya. Sun-deok kanta ba ta san inda tsohuwar za ta faɗa ba.

Aka sauke nama, aka yayyanka. Da yake hannun kowa ya yi jajir da barkono, sai ana naɗe yanka a sabon ganye ana sa wa juna a baki. Mal-sun ta naɗa wani ƙato, ta yi ta juya shi a hannu, sannan ta miƙa shi gefe ba tare da ta ɗaga ido ba.

"Maman Ye-rin, buɗe bakinki. Hannuna ya gaji."

Hanh ta dube ta, ta dubi lomar, ta karɓa. Ta tauna a nutse, kowa na kallonta.

"Barkonon ya yi kaɗan, Goggo," ta ce. "Gobe a gidanki ni zan haɗa."

Mal-sun ta ja tsaki, ta ce ji min yarinya da iyayi, hira ta dawo. Har yamma Sun-deok ba ta gano abin da ke zuciyar ƙawarta ba, ta kuma daina wahalar da kanta da nema. Da aka zo rabo, ta tambayi Hanh ko a ware musu nasu a mazubi daban, mai sauƙin ɗauka a mota.

Hanh ta ce, "A haɗa wuri ɗaya, Umma. Mu ga yadda hunturun zai kasance."