Haƙorin Zuhura

A shekarar farin nan da sojoji ke rabon jar dawa, Sale manomin Maijirgi ya ga 'yarsa Zuhura ta daina cin abinci. Shekarunta goma sha uku. Tun haihuwa jikinta a sandare yake, wuya ba ya tsayawa, hannuwa a naɗe, ba ta taɓa furta kalma ba. Muƙamuƙinta kuwa in ya datse, ko cokali ba ya shiga.

Kunun da uwarta Safi ke samowa da ƙyar, sai ta kau da kai, hawaye na zuba. Maƙwabta suka ce yunwa ce ta ci ƙarfinta, a bar wa Allah. Sale bai iya ba. Ya shimfiɗa ta a amalanke, jakin da ya rage masa ya ja su Tasawa.

A asibiti, lokotoro mai duba marasa lafiya ya taɓa kumatunta na hagu, ya ji zafi da kumburi.

"Malam, ina jin haƙori ne. Amma sai na gani."

Ya gwada buɗe mata baki, Safi ma ta gwada. Bakin ya ƙara datsewa, jikin ya banƙare kamar baka.

"Ba ta gane magana, lokotoro," in ji Sale. "Haka take."

Sai Sale ya ji an taɓa shi. Hannun Zuhura ne, yana karkarwa, ya kuskure, ya sake dawowa, har ya kama ɗan yatsansa. Ta ja shi a hankali zuwa kumatunta, ta danna daidai wurin. Idonta na cikin nasa.

Sale ya matso kusa da ita. Ya durƙusa.

"Zuhura... ɗiyata. Kina jina? In kina jina, buɗe masa."

Zufa ta keto mata. Jijiyoyin wuyanta suka miƙe, ƙafafunta na dukan gado. Kaɗan-kaɗan bakin ya buɗe, ta riƙe shi haka da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi. Can ciki ga turmin haƙori ya yi baƙi, dasashi duk ruwa.

"Allahu Akbar," Safi ta ce, ta rufe fuska da mayafi.

Aka yi allura, aka cire shi. Lokotoro ya nuna musu yadda za su naɗe tsumma mai tsabta a yatsa, su goge mata haƙora da ruwan gishiri, su bi da asuwaki mai laushi.

A hanyar gida Sale bai hau amalanke ba. Yana tafe a gefenta, yana tuna duk abin da aka faɗa a gabanta shekara da shekaru, ana zaton ba ta gane komai. Da suka wuce wata gona da ta ƙone ƙurmus, ya sunkuya kusa da ita.

"Ta kawunki ce wannan," ya ce. "Bari in faɗa miki masu sauran gonakin."