Bakin Finjal

Ruƙayya tana da ciwo guda: ba ta iya ganin ƙyalle da miƙaƙƙen baki ta ƙyale shi. Tun a gidansu a Managil ta koyi abin. Sai ta kife finjalin jabana, ɗan ƙaramin kofin shan gahawa, a gefen yadi, ta zana rabinsa da alli, ta matsa gaba ta sake zanawa, har bakin ya zama jerin ƙananan rabin wata. Ta bi da almakashi, sannan ta ɗauko kwarashi ta saƙe gefen da zare don kada ya zazzage. Da aure ya kawo ta ƙauyen su Salih kusa da Wad Haddad, mata suka sa wa aikin suna bakin finjal. Labule, rigar matashi, murfin tulu, babu wanda ya tsira. Salih kan ce rawaninsa ma ɓoye shi yake yi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yabawa ba, surukarta Iya Mero. Ba faɗa take yi ba, kallo kawai take ta kau da kai, kuma wannan kau da kan ya fi cin ran Ruƙayya.

Da damina Iya ta tafi Abu Hujar duba ƙanwarta. A bayanta ruwa ya fasa rufin ɗakinta, Salih ya fito da akwatinta ya zazzage kayan a igiya, ya wuce hawasha, gonar audugarsu. Cikin kayan akwai wani farin yadi mai faɗi, sabo ful, ko kalmasa babu. Ruƙayya ta dubi yagaggen zanen da ke kan angarib ɗin Iya, gadon igiyar nan nata, ta dubi yadin, ta ce a ranta tsofaffi dai da ajiya. Ba ta tambayi kowa ba, don so take abin ya zo wa Iya ba zato. Ta kife finjali, ta yanka, ta saƙe da koren zare. Kuma a faɗi gaskiya, ba ta taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba.

Ranar da Iya ta dawo, mata suka cika ɗakin don yi mata barka da hanya. Ruƙayya ta shigo da farantin jabana, tana satar kallon gadon da ta shimfiɗe. Maƙwabciyarsu Hadizatu, tsarar Iya, har ta kai mazaunai za ta zauna, sai ta shafa yadin, ta miƙe tsaye tana salati a hankali. Mata suka juyo suna kallon gadon.

Iya ta daɗe tana murza koren bakin a tsakanin yatsunta.

"Ɗiyata, kin san ko mine ne wanga?"

Ruƙayya ta ce zanen gado ne.

"Kafan ɗina ne."

Likkafani. Hadizatu ce ta ƙarasa bayanin, murya ƙasa-ƙasa. Marigayi Alhaji, mahaifin Salih, shi ya sayo shi a Makka, ya tsoma shi a zamzam, ya shanya shi a rana tun a can. Ya raba biyu, an rufe shi da nasa, wannan na Iya ne. Ko yaro ya san likkafani ba a yi masa ado, balle a shimfiɗa shi a zauna a kai.

Kunya ta rufe Ruƙayya. Ta ajiye faranti ba ta san inda ta ajiye ba, ta durƙusa. Hausar ta gudu daga bakinta, Larabcin ma ya ƙi zuwa, sai ma'alesh, wato a yi haƙuri, take maimaitawa. Ta ce za ta warware zaren. Amma kowa na ganin abin da almakashi ya ci ba zai dawo ba. Ta ce bari ta datse bakin yanzu ya miƙe.

Iya ta ninke yadin da kanta, ta ɗora a cinya.

"Bar shi. Na tsufa, na ragu, abin da ya saura ya ishe ni. Amma ba yau za a datse ba. Ranar da anka wanke ni, ke za ki datse, da almakashinki."

Ruƙayya ta so a ce zaginta aka yi. Daga ranar ta daina fita da kwarashi tsakar gida, kuma duk matar da ta kawo labule sai ta ce idonta ke ciwo. Iya ba ta sake ta da maganar ba. Abu ɗaya ya sauya: in za ta shanya kayan akwati, Ruƙayya take kira ta kama mata gefen yadin, su ninke tare, kan Ruƙayya a sunkuye.

Shekaru suka shuɗe, Iya ta rasu wata safiya lokacin tsinkar auduga. Hadizatu ta leƙo daga ɗakin wanka ta kira Ruƙayya. Gaban mata Ruƙayya ta zauna ta bi koren bakin da almakashi, tana tsoron kada yadin ya gaza. Da aka naɗe Iya, ya rufe ta tsaf har da saura. Hadizatu ta tattara guntun da aka datse ta miƙa mata, ta ce Iya ta bar wasiyya a ba ta, wai ta ce a gaya mata ya yi kyau.