Allon da Nayeli Ta Goge

Aikin Don Eleuterio Barajas a masana'antar da ke bayan garin Guadalajara shi ne koyar da sababbin masu tallar kayan kamfani. Kafin a tura su wurin masu saye, sai ya zagaya da su cikin masana'anta, su ga yadda ake haɗa allunan lantarki, don kada su je su yi alkawarin abin da inji ba zai iya ba. Suna zuwa, su koya, su tafi. Idan ya haɗu da su daga baya, da ƙyar suke tuna sunansa. Ma'aikatan layin haɗa kaya na ganinsa mutumin ofis, mutanen ofis na ganinsa mutumin layi, don haka shi kaɗai yake cin abincin rana a teburin da ke kusa da taga. Tun rasuwar matarsa, gidan ma haka yake.

Sai a wani sabon rukunin ɗalibai aka samu Nayeli Ruvalcaba, wadda ta taso tana sayar da wayoyi a kasuwa. Ranar farko ta jawo kujera ta zauna gabansa ba tare da ya gayyace ta ba.

"Don Teyo," ta ce, tana taƙaita sunansa, "wannan yajin ba za ka ci ba?"

"Cikina ba ya ɗauka, 'yata."

"Tsufa dai ba kyau," in ji ta, ta juye yajin a kan nata burodin. Daga ranar, kullum nan take zama, tana ba shi labarin 'yan kasuwa har ya manta shayinsa ya huce.

Darasin da ya fi nanata musu ɗaya ne. Jikin mutum yana tara lantarki, musamman idan tufa ta gogi fata. Kai ba za ka ji komai ba, amma allo zai ji. Wani lokaci ba ya mutuwa nan take, ya wuce gwaji lafiya, sai bayan watanni ya tsaya cak a hannun mai shi. Shi ya sa ba a taɓa allo sai da igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu don ta janye lantarkin jiki, kuma ɗalibin da ya taɓa kayan layi, an sallame shi ke nan.

Ran nan ya kai su layin da ake haɗa allunan na'urar taimaka wa majinyata numfashi. Yana bayani, sai ya hango Nayeli a bayan sauran. Ta ɗauki allo ɗaya daga tire, ta juya shi a haske, ta goga shi a hannun suwaitarta da ya leƙo daga rigar aiki, kamar yadda take goge waya kafin ta miƙa wa mai saye, sannan ta mayar. Hannunta ne ya yi, ba ita ba. Babu wanda ya gani sai shi. Ya riƙe lambar allon a kansa, ya ci gaba da bayani.

Da suka zauna cin abinci ya ce, "Kin taɓa allo."

Ta yi tsai, sai ta dafe baki. "Wayyo! Na manta sam. Amma ai za a gwada shi, ko?"

"An gwada. Ya wuce."

"To, shi ke nan mana!"

"Me na koya muku, Nayeli?"

"Haba, tsoho. Wataƙila babu abin da ya same shi."

"Wataƙila. Ki je ki faɗa wa shugabar layi da bakinki. Zai fi miki sauƙi."

"Su kore ni a kan wataƙila? Wa ya gani?"

"Ni."

"Ashe shi ya sa babu mai zama da kai," ta ce, ta ɗauki farantinta ta tashi.

Ya zauna yana juya abin. Ita ya san fuskarta, ya san dariyarta. Wanda zai kwanta ƙarƙashin na'urar kuwa ba shi da suna, wataƙila ma ba abin da zai same shi. Ya yi tunanin ya ce shi ne ya taɓa, amma sai a hana shi shiga layi, kuma ba shi da wani wuri bayan nan. Wannan tunanin ya fi ba shi kunya. Kafin a rufe kwalayen ranar, ya je ya faɗa wa shugabar layi lambar allon da sunan Nayeli.

Aka ciro allon, aka sake gwadawa, ba a ga aibin komai ba. Duk da haka aka jefa shi cikin kayan da aka soke. Nayeli ta ajiye rigar aiki a wurin mai gadi, ta fita ba sallama.

Washegari ya zauna kusa da taga, ya buɗe abincinsa. Matar da yake sayen burodi a wurinta ta sa masa ƙullin yaji kamar kullum. Ya tura shi ɗaya gefen teburin, inda babu kowa, ya fara ci.