Takalman Bakin Ƙofa

Takalman mutum ashirin da uku ne a hoton, jere a bakin ƙofar Hajiya Turai, har sun tare rabin hanyar wucewa a hawa na tara. Laoban Chen, mai gidan da take haya a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, ƙasar Sin, shi ya miƙo wayar, yana kallon ƙasa. Kwana takwas ke nan da rasuwar mijinta, Alhaji Tankari.

Shekara goma sha ɗaya Alhaji yana aika wa 'yan kasuwar Kano kaya, yana kuma saukar da su a ɗakuna biyu na gidan. Mako ɗaya, mako biyu, su gama sari a kasuwar Shisanhang su tafi, wasu su zo. Ba arhar kwana kaɗai ke kawo su ba. A nan mutum zai ci tuwo da miyar kuka, ya sami wanda zai ja masa salla, in zazzaɓi ya kayar da shi a yi masa sannu da Hausa.

Bara aka liƙa takarda a jikin lif: an hana saukar baƙi na gajeren zama a gidajen haya, wanda aka kama ya tashi. Maƙwabta sun gaji da ƙarar akwatuna da baƙin fuskoki, kuma ba za a ce ba su da gaskiya ba. Alhaji mutum ne mai gudun magana. A ranar ya naɗe katifu, 'yan kasuwa suka watsu otal-otal, gidan ya yi tsit.

Sai rasuwa ta sake cika shi. Kwana uku Hausawan Guangzhou suna zuwa gaisuwa, kowa ya tuɓe takalminsa a waje kamar yadda aka saba a gida. Wani maƙwabci ya ɗauki hoto ya kai wa kwamitin unguwa.

Zeinabou, aminiyar Turai, mutuniyar Maraɗi da ta daɗe a garin har harshen ya zauna mata, ita ke fassara.

“Ya ce mako ɗaya suka ba ki, Hajiya. In ba ki tashi ba, shi za su ci tara.”

“Ki faɗa masa ba wanda ya kwana. Gaisuwar mutuwa suka zo.”

Zeinabou ta faɗa. Chen ya gyaɗa kai, ya amsa a hankali.

“Wai shi ya yarda. Amma su hoto suka gani, sun ƙirga.”

“To ki ce masa takaba nake yi. Wata huɗu da kwana goma, a ɗakin da mijina ya bar ni. Ranar da na gama, da ƙafata zan fita.”

Wannan karon bayanin ya yi tsawo. Chen ya saurara har ƙarshe, ya goge fuska da tafin hannu. Shi ma ya san Alhaji, sun sha shayi tare ba sau ɗaya ba.

“Meiyou banfa,” in ji shi. Turai ba ta nemi fassara ba. Ta san babu yadda za a yi ake nufi.

Ta karɓi wayar ta ƙara girman hoton. Can ƙarshen jerin, daf da bango, ga wasu takalman fata masu cinyayyen diddige. Nan Alhaji ya tuɓe su ranar da ya dawo daga Masallacin Huaisheng yana dafe da ƙirji. Da aka fita da shi asibiti ba wanda ya tuna da su, ita kuma har yau ta kasa shigo da su.

“Sun yi kuskure a lissafi,” ta ce. “Ashirin da biyu ne. Waɗannan na Alhaji ne, shi ba baƙo ba ne.”

Zeinabou ba ta fassara ba.

Ranar kwana goma sha biyar da rasuwa Turai ta fita da rana tsaka, lulluɓe da mayafi, ba ta waiwaya ba. Zeinabou ta ba ta rabin ɗakinta a wani bene kusa da tashar jirgin ƙasa. Da suka isa, Turai ta tuɓe silifas ɗinta, ta ciro takalman Alhaji daga leda ta ajiye su daf da bango, suna fuskantar ƙofa.

Zeinabou ta dubi ƙofofin maƙwabta, ta sunkuya ta ɗauke su.

“Mu shiga da su, Hajiya,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Nan ma ƙirgawa suke yi.”