Akwatin Wutar Malam Badamasi

Shekara talatin da ɗaya ina naɗin koyil a Dutsin-Ma, na fanka da injin ban ruwa da duk abin da ya ƙone, amma ban taɓa yin aikin da na zuba wa raina kamar akwatin nan ba. Sunana Ernest, mutumin Kagoro ne ni. Malam Badamasi mai gyaran rediyo a Kurfi shi ya fara kirana Anas, wai bakinsa ba zai wahala a banza ba, sunan kuma ya bi ni.

Matarsa Kande ce ta zo shagona a kan acaɓa wata Laraba, ita da ban taɓa ganinta a kan babur ba. Ta ce wuta ta ja Malam, ta maka shi da bango, ya kwana biyu a asibiti. Babban ɗansu Mas'ud ya zo daga Katsina ya datse shagon da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

"Oga Ernest, tun ran nan ko tuwo bai ci sai na matsa mashi," in ji ta. "Shagon nan shi ne ransa. In da dabara, ka yi mana."

Dabara akwai. Na kira Mas'ud muka yi ta ja, domin yaron ya gaji taurin kan ubansa kaf. Daga ƙarshe ya ce idan ya gani da idonsa wuta ba za ta sake kama Baba ba, zai mayar da makulli.

Malam Badamasi ba ya taɓa rediyon zamani. Nasa su ne na da, masu kwalabe a ciki, waɗanda tsofaffi ke kawo masa daga Rawayau da Karofi a naɗe cikin zane. Irin waɗannan mugunta gare su, ƙarfen jikinsu kan ɗauki wutar layi kai tsaye. Shekara arba'in yana gwada su da bayan yatsa, in ya ji tsam sai ya juya filogi. Na sha faɗa masa wannan ganganci ne, shi kuma ya ce mu masu mita tsoro ne ya yi mana yawa.

Na samo taransifoma biyu iri ɗaya, na warware ɗaya na sake naɗa ta da hannuna, na haɗa su baya da baya. Ta haka wutar da za ta fito ba ta da haɗi da ƙasa, ko mutum ya taɓa ƙarfen rediyo yana tsaye ba takalmi ba za ta bi ta jikinsa ba. Na farke wata matacciyar sitabilaiza na ciro zagayayyen koyil ɗinta mai gawayi, na sa masa marfin murɗawa na tsohuwar fanka, don a riƙa ɗaga wuta kaɗan-kaɗan daga sifili. Na shirya su duka cikin akwati ɗaya, na sa fis, na sa mita mai allura, domin Malam ba ya yarda da lambar da ke ƙiftawa.

Abin da ya ba ni wahala shi ne ƙwan fitila. Ana son irin na da mai zare a ciki, wanda zai haska da ƙarfi in rediyo na da matsala, ya shanye wutar kafin wani abu ya ƙone. Na zaga kasuwar Dutsin-Ma kaf, kowa sai ya miƙo min farin ƙwai na zamani yana min kallon wanda ya zo daga ƙauye. A wurin wata mai kiwon kaji a Makera na samu guda biyu, da su take ɗumama 'yan tsaki.

Ranar Asabar da hantsi na ɗaure akwatin a bayan babur na nufi Kurfi. Na tarar da Malam a ƙofar shago, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce masa ashe hutu ma bai karɓe shi ba. Ya ce in bari sai ya ga ko akwatin nawa ya fi akwatin shinkafa amfani.

Mas'ud ya buɗe shagon, muka yi sa'a akwai wuta. Malam ya ɗauko wani tsohon rediyo na katako wanda ya shekara ashirin ba a kunna ba, muka jona shi. Ya riƙa murɗa marfin a hankali, allura na hawa. Ƙwan ya yi ja kaɗan, ya lafa. Da allura ta wuce ɗari da tamanin sai kwalaben suka ɗau haske, rediyon ya yi kaki, sai ga muryar wani yana karanta gaisuwa. Na cire takalmina, na dafa ƙarfen rediyon da tafin hannu, na dubi Mas'ud. Shi ma ya cire nasa ya dafa. Sannan ya zaro makullin ya ba ubansa da hannu biyu, ya ce bari ya kawo mana lemo.

Malam ya yi ta zuba kamar an buɗe famfo. Ya hango wata waya ta saki a cikin rediyon, ya kashe akwatin, ya miƙa hannu ya ɗauki ƙarfen narka dalma da muka jona tun da farko, idonsa na kaina yana ba ni labarin mai rediyon. Ƙauri na fara ji. Da na duba, ba ta mariƙi ya kama ƙarfen ba, ta wurin zafin ya riƙe, yatsunsa uku na hayaƙi, shi kuwa yana ta dariya.

Na buge ƙarfen ya faɗi. Ya dubi hannunsa, dariyar ta mutu.

"Tun yaushe, Malam?"

"Shekara guda ke nan. Ciwon suga ne, ya cinye min jin yatsu. Ran nan ma na gwada da yatsa ban ji komi ba, shi ya sa na kama da hannu duka." Ya tura hannun cikin aljihun riga. "Kai kaɗai ka gani, Anas."

Na so in yi shiru, Allah ya sani na so. Amma na san akwatina ba zai iya komai a kan wannan ba. Ba ya hana ƙuna, ba ya hana wutar da ke kwance a cikin rediyo bayan an kashe, kuma mai suga in ya yi gyambo ba ya warkewa da wuri. Mas'ud ya shigo da lemo uku yana fara'a.

Na ce, "Mas'ud, duba hannun Baba."

Malam bai yi musu ba. Ya bari ɗansa ya ciro hannun, ya ajiye makullin a kan akwatin da ɗaya hannun, ya tashi ya fita bai dube ni ba. Na bi shi da ido har ya sha kwana, raina ya ɓaci kamar ni na ƙone shi.

Sau uku ina komawa Kurfi tun daga ranar. Duk zuwa Kande ce ke fitowa zaure, ta gaishe ni da kyau, ta ce Malam yana barci. Na san shi shekara talatin, bai taɓa barcin rana ba.