Baftismar Egon

Injin ya kai Egon daidai saman bahon wanka, ya yi ƙara sau biyu, ya tsaya cik.

Jytte, ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da madannin, ta danna, ta sake dannawa. Shiru. Tsoho ɗan shekara tamanin da tara ya rage a sama cikin majanyin da ake ɗaga marasa ƙarfi da shi, sanye da farar riga da gajeren wando, siraran ƙafafunsa suna reto kamu ɗaya tsakaninsu da ruwa.

"Batir ne," in ji ta. "Masu aikin safe ba su sa shi caji ba. Bari in ɗauko na bene. Baba Egon, kada ka je ko'ina."

"Ina zan je, 'yar nan? Fiffike kika ga na yi?"

Ta fita da sauri, ta bar Fasto Asger tsaye a gefen baho, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, Littafi Mai Tsarki a hammatarsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Asger yana zuwa wannan gidan tsofaffi na bakin tashar jiragen kamun kifi, kowace Alhamis ƙarfe biyu, da garayarsa ta zamani da littattafan waƙoƙin yabo masu manyan baƙaƙe. Mutum goma sha biyu kan taru masa a ɗakin cin abinci. Rabinsu kofi da kek ke kawo su, sauran kuwa kafin ya gama karatu sun yi barci. Bai taɓa samun mutum ɗaya da ya tuba ba. Egon, tsohon masunci, shi ne ma ya fi ba shi wuya. A can baya yake zama, ya bari sai wa'azi ya yi daɗi, ya ɗaga hannu ya tambaya kilo nawa ne kifin da ya haɗiye annabi Yunana, kuma da wace irin koma aka kama shi.

Makonni uku da suka wuce, wannan Egon ɗin ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Fasto, ina so ka dulmuya ni." Ranar sai da Asger ya zauna cikin motarsa ya yi kuka kafin ya iya tuƙi.

Daga nan aka shiga ciniki da hukumar gidan. Teku, sun ce ko kusa. Tafkin baftisma na majami'a yana da matakala bakwai, shi ma a'a. Aka daidaita a bahon wanka na ƙasa, bisa sharaɗi uku a rubuce: kada zafin ruwa ya gaza digiri talatin da shida, kada a wuce minti goma, kada fuska ta nutse. Asger ya sa hannu yana addu'a a ransa. Ya sanar da ikkilisiya, wato jama'ar majami'arsa, ran Lahadi, aka yi tafi. Yanzu haka mata shida daga majami'a suna ɗakin cin abinci suna jira da babban kek.

"Ɓata ruwa kawai ake yi," wata murya ta ce daga bakin ƙofa.

Gudrun ce, yayar Egon, mai shekara casa'in da huɗu, ta toshe ƙofar da kekenta na guragu. Ba wanda ya gayyace ta.

"An riga an yi masa tun yana jinjiri, a cocin gari, kamar kowa. Ina wurin. Ya tsula wa limamin coci fitsari a hannun riga."

"Yaya, wannan yayyafi ne. A wajen su Fasto ba ya cikin lissafi, sai an nutsar da mutum har kai."

"Dubi ƙafafu kamar na shamuwa. An rataye ka kamar kifin da za a busar."

"Ke kuma je ki ci kek, kafin haƙoranki su sake ɓacewa."

Asger ya yi gyaran murya. Tun da dai jira ake yi, ya ga gara ya yi tambayoyin yanzu, don kada su ci cikin minti goman. Ya ɗaga kai sama, don a sama mai tuban yake.

"Egon, ka ba da gaskiya Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, Mai Cetonka kuma?"

"A'a."

Asger ya ɗauka kunnen tsohon ne. Ya maimaita da ƙarfi.

"Na ji ka, Fasto. Na ce a'a."

Gudrun ta tuntsire da dariya har ta kama tari. Majanyin ya juya a hankali, ya ba Asger bayan Egon. Sai da ya kama ƙafa ɗaya ya juyo da shi.

"To me muke yi a nan?" Muryar Asger ta fito ƙasa-ƙasa. "Mako uku ina koya maka. Kana ta gyaɗa kai."

"Kai kake magana, ni kuwa ina da ladabi."

"Egon, baftisma ba wanka ba ce. Ba zan iya yi wa wanda bai ba da gaskiya ba. Dattawan ikkilisiya za su tambaye ni, ni ma zan tambayi kaina."

Tsohon ya dubi ruwan da ke ƙarƙashinsa.

"Ka san Karna."

Asger ya san ta. Matar Egon ce. Shekara arba'in tana zuwa majami'arsu ita kaɗai, tana zama a layi na uku, jakarta a kujerar da ke gefenta. A wannan gidan ta rasu bara da bazara, ɗaki na huɗu daga nan, Asger ne kuma ya jagoranci jana'izarta.

"Kowace Lahadi sai ta tsaya a bakin ƙofa da hularta ta ce, ‘Za ka zo?’ Ni kuma in ce iska ta yi kyau, zan fita teku. Ko ana hadari haka nake cewa. Jakar nan da take ajiyewa, wuri take kama mini." Ya ja hanci. "Kwana biyu kafin ta tafi ta ce mini, ‘Egon, inda za ni ba sa buɗe wa busasshen mutum.’ Tana dariya ta faɗa. Amma ta faɗa."

Gudrun ta daina tari.

"Ni a ganina babu komai a can, Fasto. Duhu ne, kamar ƙasan teku. Amma sau nawa na rantse babu kifi a wuri, wani ya zo ya cika jirgi? In ya zamana ita ce da gaskiya, tana can ta ajiye jaka a kujera, mutane suna tambayarta ko da mai zama."

"To da me ka ba da gaskiya? Ka ba ni ko abu ɗaya."

"Da Karna. Shekara sittin da ɗaya muna tare, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ita ta yarda da Shi, ni na yarda da ita. Iyakar abin da ke hannuna ke nan. In bai isa ba, a sauke ni, majanyin nan ya matse ni a wurin da ba zan faɗa a gaban Yaya ba."

Asger ya buɗe Littafin, ya rufe. Ya san amsar da aka koya masa, ya san shafin da take. Ya taɓa hana wani saurayi baftisma a kan abin da bai kai wannan ba, saurayin kuma bai sake takowa majami'a ba. Ta bango yana jiyo matan ikkilisiya sun gaji da jira sun fara waƙa, wani tsoho yana bin su da wata waƙar dabam.

Jytte ta shigo tana haki, ta ture keken Gudrun gefe, ta zare tsohon batir ta cusa sabo. Injin ya yi ƙara. Ta tsoma ma'aunin zafi cikin ruwa, ta ɗaga shi wajen haske, ta tsuke baki.

"Talatin da shida cif. Minti biyu nan gaba dole in zubar, kuma an rubuta wa Baba Viggo bahon nan ƙarfe uku." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Me ya faru? Wani ya mutu ne?"

"Mai tuban ne bai tuba ba," in ji Gudrun.

"Wannan ba ya cikin takardata." Jytte ta ɗora yatsa a kan madannin. "Fasto, baho ko in mai da shi kekensa?"

Egon bai dube shi ba. Ya riga ya toshe hanci da yatsu biyu, ya runtse ido, ya cika kumatu da iska, yana reto.

Asger ya miƙa wa Gudrun Littafin ta riƙe masa. Ya durƙusa a kan tayil mai sanyi, ya sa tafin hannu a ƙeyar tsohon.

"Baho," ya ce. "A hankali. Ke kuma Jytte, ɗan dubi taga, kada ki ga abin da takardarki ta hana."

Jytte ta yi ajiyar zuciya, ta danna, ta juya fuskarta wajen teku.