Ranar da Auta ta Saki Hannun Direba

Haƙora biyu Direba ya zubar wa Auta bara, a ɗakin baya na shagon wanki, don kawai ta ce ya ɗauke hannunsa daga ƙugunta. Goggo, mai guga a shagon, ita ta raini Auta tun rasuwar uwarta. Ta ƙulle haƙoran a bakin zani ta kai wa Mai Shago. Ya ce a yi haƙuri, mutumin nan shi ke kawo musu zannuwan gado daga otal, in ya yi fushi kowa ya rasa aiki. Ta je wajen 'yan sanda, suka ce ai rigimar wurin aiki ce, a je a sasanta. Sasanci! Bakin yarinya a kumbure kamar an hura shi, su suna maganar sasanci.

Tun daga nan Auta ta shiga koyon faɗa wajen wata mata da ake kira Koci. Kullum da safe kafin aiki, ko ana tsuga ruwa sai ta je. Ta iso shago gwiwa a goge, wuya duk shatin yatsu.

"Wancan ya dake ki sau ɗaya, ke kuma kin je kin samo mai dukanki kullum," in ji Goggo. "Wannan wane irin hankali ne?"

Auta sai ta yi dariya, wawulon ya fito fili, ta ci gaba da ninke kaya.

Rannan da tsakar rana Mai Shago ya fita, injinan wanki suna ta ruri. Direba ya shigo da ƙunshin kaya a kafaɗa, ko kallon Goggo bai yi ba, ya wuce ɗakin baya inda Auta ke ninke kaya. Sai ta ji ƙarar sakata.

Ta yi kan ƙofar, ta dake ta da kafaɗa. Ko motsi. Ta koma ƙaramar tagar da ke tsakanin ɗakunan, mai sandunan ƙarfe, ta manna fuska.

"An ce kin zama 'yar dambe," Direba ke cewa, yana naɗe hannun riga. "Zo ki nuna min, ƙanwata."

"Buɗe ƙofar nan, ɗan banza!" Goggo ta daka tsawa. "Wallahi ka taɓa ta sai na ga bayanka!"

"Iya, koma kan gugarki."

Ya kai hannu ya damƙi wuyan rigar Auta. Goggo ba ta ga yadda aka yi ba. Ta dai ga yarinyar ta juya, ta cusa ƙugu a cikinsa, ƙafafun ƙaton sun bar ƙasa, sai tim a kan siminti. Kafin ya ja numfashi Auta ta zauna, ta matse hannunsa tsakanin cinyoyinta, ta kwanta baya tana banƙare gwiwar hannun. Ya kurma ihu irin na akuyar da aka taka.

"Karya shi!" Goggo na jijjiga ƙarafan taga. "Karya min shi, 'yar albarka!"

Azaba ta sa Direba ya shiga bubbuga ƙasa da ɗaya hannun.

Auta ta sake shi.

Sai daga baya Goggo ta ji dalili. A wajen Koci, in ka murɗe abokiyar gwaji ta ji zafi, ƙasa take bugawa da tafi, kai kuma ka saki nan take. Kullum haka, har hannun Auta ya saba ba ya jiran shawarar kanta.

Shi kuwa ba gwaji ya zo ba. Ya mirgina ya sheme ta da ƙafa a fuska. Hancinta ya fashe, jini ya yi tsartuwa a kan fararen zannuwa. Ya haye ruwan cikinta yana kai naushi. Goggo ta fizgo dutsen guga da zafinsa za ta jefa, ƙarafan suka hana shi wucewa. Ta yi ta doka shi a jikinsu tana zagin uwarsa da ubansa.

Amma Auta ba ta sandare ba kamar bara. Ta rufe kai da damatsa, naushin yana sauka a ƙashi. Da ya ɗaga don ya ƙara ƙarfi, ta dasa ƙafafu, ta cilla ƙugu sama, ya kifa. Ta riga shi miƙewa. Yana ƙoƙarin tashi ta sa diddige ta taka gefen gwiwarsa da duk nauyinta. Ƙarar ta fi ta injin. Ya faɗi, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Ya sake buga ƙasa, yana kuka da majina. Auta ta ja baya, ta zare sakata.

Mai Shago ya dawo ya tarar da jini har bakin ƙofa.

"Subhanallahi! Ku kama min shi mu sa a mota. Goggo, don Allah a rufa asiri, kada maganar nan ta fita."

Goggo ta je ta wangale ƙofar titi. Ta ƙwala wa mai kanti kira, da tela, da matan da ke jiran mota, ta ce su shigo su gani da idonsu. Suka cika shago. Tela ya ciro waya ya kira 'yan sanda. Ita kuwa ta jawo kujera ta zauna a bakin ɗakin, dutsen guga a hannu.

"Duk wanda ya ɗaga shi kafin su zo, zan goge masa fuska. Har da kai, Mai Shago."

Ba wanda ya matso. Ta jawo Auta jikinta, ta sa gefen mayafi tana tare jinin hancin.

"Shashasha kawai. Kin kama mutum kin sake shi."

"Goggo, ƙasa ya buga."

"Ya buga uwarsa! Gobe ki tashe ni da wuri. Ina da magana da Kocin nan taki."